Wadda Ta Shiga Babban Kamfani Da Ƙwarewarta, Ta Dubi Mataki Kafin Ta Dubi Albashi

Wata 'yar'uwa ta rubuto wa wannan fili daga Kano tana neman shawara, mun kuwa ga ya fi kyau mu amsa mata a nan kowa ya ji, gama abin da ya dame ta ya dami mata da yawa. Ta ce ta yi shekara 11 tana aikin akanta a wata ma'aikatar gwamnatin jiha, har ta kai mataki na 12, sa'an nan wani babban kamfani mai rassa ko'ina cikin ƙasar nan ya ɗauke ta aiki. Albashin da aka yanka mata ya ninka na da sau uku, saboda haka ba ta tsaya nazarin sauran abin da ke cikin takardar ba, ta sa hannu. Yau shekararta 4 a kan kujera guda. Cikin yaran da ta tarar, waɗanda kamfanin ya ɗauka tun suna gama bautar ƙasa, biyu sun wuce ta, ɗaya ma ita ce ke sa mata hannu a takardar hutu. Tana tambaya, ta haƙura ta zauna ne, ko kuwa ta sake neman wani wuri?

Kafin mu ba ta amsa, bari mu duba inda aka yi kuskure tun farko, domin 'yan'uwan da ba su riga sun sa hannu ba su amfana.

Wadda ta tashi cikin aikin gwamnati ta saba da tsani wanda kowa ya san hawansa. Tun bayan rahoton Udoji na 1974 aka shirya ma'aikata bisa mataki na 1 zuwa na 17, kuma a ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayya, wadda jihohi da yawa suke koyi da ita, ma'aikaci yakan cancanci a duba ƙarin girmansa bayan shekara 2 idan yana mataki na 6 zuwa ƙasa, shekara 3 daga mataki na 7 zuwa na 14, shekara 4 daga na 15 zuwa sama. Ana jinkiri, ana jarrabawa, wani lokaci a ce babu gurbi, amma dai shekaru suna yi wa mutum magana ko da shi bai buɗe baki ba. To, babban kamfani ba haka yake ba. A can babu wani lissafi da zai ce tun da Hajiya wance ta cika shekara 3 sai a ɗaga ta. Akwai dai kujeru ƙidayayyu da aka yi wa kasafin kuɗi, da rahoton awon aiki na ƙarshen shekara, da kuma wani kwamiti da ke zama a rufe ƙofa, inda shugaban kowane sashe ke kare mutanensa. Wadda babu mai ambaton sunanta a wannan zama, tana iya yin shekara 10 tana aiki tuƙuru ba ta motsa ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika gaya wa ƙwararriyar da aka ɗauko daga waje ba. Yaron da kamfani ya ɗauka sabo fil, an riga an shata masa hanya: za a horar da shi wata kaza, a zagaya da shi sassa, a duba shi bayan shekara kaza. Kamfanin ya kashe kuɗi a kansa, yana kuwa so ya ga riba. Ita kuwa ƙwararriya, an ɗauko ta ne domin akwai wani rami da ake so a cike yau yau, watau abin da ta riga ta iya shi aka saya. Haka aka yi lokacin da kamfanonin wayar salula suka fara aiki a 2001, suka riƙa kwasar injiniyoyi da akantoci daga bankuna da ma'aikatu. Haka kuma aka yi bayan haɗe bankuna na 2005, sa'ad da Babban Banki ya ce kowane banki ya mallaki jarin naira miliyan dubu 25, bankuna 89 suka koma 25, waɗanda suka tsira suka shiga buɗe rassa suna neman waɗanda suka san aiki. Wanda ya ɗauke ki domin ki cike rami, ranar da ramin ya cika buƙatarsa ta biya. Ba mugunta ba ce, bai dai taɓa zama ya yi tunanin inda za ki je daga nan ba. Wannan tunani naki ne, kuma lokacin fara shi tun kafin ki karɓi aikin ne.

Abin da ya fi kowane muhimmanci a takardar ɗaukar aiki shi ne matakin da aka ajiye ki. Mun san ido a kan adadin kuɗi yake fara sauka, balle a wannan zamani na tsadar kaya, amma ku saurara. A yawancin bankunan ƙasar nan, alal misali, bayan matakan ƙananan jami'ai akwai mataimakin manaja, da muƙaddashin manaja, da manaja, da babban manaja, sa'an nan mataimakin janar manaja, da muƙaddashinsa, da janar manaja kansa, kafin a kai ga darekta. Sauran manyan kamfanoni suna da nasu sunaye ko lambobi, amma tsarin ɗaya ne. Kowane mataki yana da ƙaramin albashi da babban albashi. Idan kamfani yana son mace ƙwarai amma ba ya son ya ɓata wa na ciki rai, dabarar da ya saba ita ce ya ajiye ta a ƙaramin mataki, ya ba ta albashin da ke can ƙololuwar wannan mataki. Ita tana murna ta sami kuɗi, ba ta san an ɗora ta a rufin ɗaki ba. Shekara ta zagayo a yi wa kowa ƙari, ita a ce ta riga ta kai iyaka. Mota, da rancen gida, da kwas na shugabanni, da ma izinin halartar wasu tarurruka, duk da mataki ake raba su. Kuma ba a cika tsallake mataki ba, ɗaya bayan ɗaya ake hawa.

Ku yi lissafin da kanku. A ce kowane hawa yana cin shekara 3. Mace mai shekara 36 da ta yarda aka ajiye ta mataki ɗaya ƙasa da inda ya dace da ita, ta ba da kyautar shekara 3 ke nan a cikin minti biyar, mataki biyu kuwa shekara 6. Ba a nan abin ya tsaya ba, gama in ta tashi barin wurin, kamfanin da za ta je zai tambayi matakin da take, a kansa zai gina nasa tayin. Kuskuren rana guda sai ya bi ta har ritaya.

Saboda haka wadda aka yi wa tayi ta nemi a ba ta kwana biyu ko uku, ba wanda zai janye aiki saboda wannan. Ta tambayi sunan matakin, da yawan matakan da ke samansa, da wanda zai zama shugabanta kai tsaye da nasa matakin. Ta tambayi abin da ya sami wanda ya bar kujerar, ƙarin girma ya samu ko gajiya ya yi ya tafi. Ta tabbata kamfanin ne da kansa zai ɗauke ta, domin manyan kamfanoni da yawa suna da ma'aikatan kwantiragi da wani kamfani dabam ke kawo musu, suna zama ofis ɗaya da sauran, suna aiki iri ɗaya, amma ba sa kan tsanin ko kaɗan. Ta ji tsawon lokacin gwaji kafin a tabbatar mata da aiki, ta kuma ji ko za a sa ta cikin awon aiki na wannan shekara, don wadda ta shiga bayan tsakiyar shekara sau da yawa akan ce ta jira ta baɗi. In an yi mata alkawarin cewa za a sake duba matakinta bayan an tabbatar da ita, ta roƙa a rubuta. Manajan da ya yi alkawari da baki yana iya barin kamfanin kafin wata shida.

Mun san abin da wasu za su ce: kunya. Wai kada a ce mace ta cika son girma, ko ta faye ciniki. Abin mamaki, matar da za ta yi rabin sa'a a Kantin Kwari tana taya turmin atamfa, ta tashi ta tafi mai kanti ya kira ta, ita ce za a miƙa wa takardar da za ta yi shekara 10 tana aiki a ƙarƙashinta ta ce na gode kawai. Masu ɗaukar ma'aikata sun saba da ciniki, maza suna yi kullum, kuma ba a ganin rashin kunyarsu. Ana iya yinsa cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, na ji daɗin wannan tayi, amma bisa ga shekarun da na yi da yawan mutanen da na shugabanta, ina ganin matakin da ke sama da wannan ya fi dacewa. Ko za a duba?" In an ce a'a, ba ta yi asarar kome ba, ta ma san irin gidan da za ta shiga.

Akwai abu biyu na doka da ya kamata a sani a daidai wannan gaɓa. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan, a sashe na 54, ta ba mai ciki hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi, amma rabin albashin nan sai ga wadda ta yi wata 6 tana aiki a wurin. Daɗin daɗawa, ma'anar "ma'aikaci" a wannan doka ba ta haɗa da masu aikin shugabanci da na ƙwararru ba. Ke nan babbar ma'aikaciya abin dogaronta shi ne takardar da ta sa wa hannu da littafin ƙa'idojin kamfani, sai ta nemi ganinsa tun da wuri. Na biyu shi ne fansho. Tun dokar 2004 asusun fansho na ma'aikaci ne, yana bin sa duk inda ya koma, kuma dokar 2014 ta sa ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki kashi 10. Wadda ta fito daga jihar da ke da nata tsarin fansho dabam ta binciki abin da ya zama haƙƙinta kafin ta miƙa takardar barin aiki, kada shekara 11 su bi ruwa.

To, an shiga. Sai a tuna cewa kujerar nan da aka ba ki, akwai wanda ya daɗe yana hangen ta daga ciki, kuma yanzu a ƙarƙashinki zai zauna ko a gefenki. Ba laifinki ba ne, amma ke za ki sha zafin. Maganinsa shi ne ki yi watannin farko kina saurare fiye da magana. Babu kalmar da ke kashe sabuwar ma'aikaciya kamar "a wurinmu na da ba haka muke yi ba". Ko gaskiya ce, a ajiye ta sai an san ki. Tsofaffin ma'aikata, har da sakatarori da masinjoji, sun san wanda ake jin maganarsa da wanda muƙami kawai gare shi, sun san takardar da ke tafiya da wadda ke kwana a tire. In kika girmama su za su koya miki a wata uku abin da za ki yi shekara biyu ba ki gano ba.

Amma saurare ba ɓuya ba ne. Mata da yawa an tarbiyyantar da mu a kan cewa aikin kirki shi zai bayyana kansa. A gida mai mutum goma haka ne. A kamfani mai ma'aikata dubbai, waɗanda za su yanke hukunci a kanki wataƙila ba su taɓa ganin fuskarki ba, abin da ke gabansu shafi ɗaya ne ko biyu. Ki sami littafi ki riƙa rubuta abin da kika yi da adadinsa da ranarsa: bashi nawa kika karɓo, kwana nawa kika rage wajen rufe lissafin wata, mutum nawa kika horar. Ranar awon aiki ki shiga da shi. Da zarar an tabbatar miki da aiki kuma, ki nemi zama da shugabanki ki tambaye shi ƙarara abin da ake so mutum ya nuna kafin a kai shi mataki na gaba, ki rubuta, ki aika masa ya gani. Bayan wata shida ki koma da takardar. Shugaban da ya san za a dawo masa da maganarsa yakan yi hattara da ita.

Sa'an nan a lura da irin aikin da ake tura wa mata. Za a yi walimar sallamar wani, a ce Hajiya ta shirya. Ana taro, a ce Hajiya ta rubuta abin da aka tattauna, ga ta da rubutu mai kyau. Matar wani ta haihu, Hajiya ce mai tara gudummawa. Duk ayyukan alheri ne, ba mu ce a ƙi ba, amma ba ɗaya daga cikinsu da ake karantawa a kwamitin ƙarin girma. Abin da ake karantawa shi ne aikin da ya kawo kuɗi, ko ya hana asara, ko ya fitar da kamfani daga matsala da hukuma. In an buɗe sabon aiki irin wannan, ki nemi a sa ki ciki ko da zai ƙara miki wahala na ɗan lokaci, walimar kuwa a riƙa yin ta karɓa-karɓa da maza.

Game da wanda zai tsaya miki, gaskiya ce ba a hawa sai da shi. Sai dai ƙwararriyar da aka ɗauko daga waje takan dogara ga mutum ɗaya tak, watau wanda ya kawo ta, ranar da aka canja masa wuri sai ta zama marainiya. Ya kamata cikin shekara biyu a sami manya biyu ko uku a sassa dabam dabam da suka ga aikinki da idonsu. Hanyar samun haka ita ce aikin haɗin gwiwa tsakanin sassa, a ofis, da rana, ba sai an je wurin da zai jawo wa mace magana ba. Takardun ƙwarewa ma suna taimakawa, kamar na ICAN ko ANAN ga akantoci, CIBN ga ma'aikatan banki, CIPM ga masu kula da ma'aikata, domin a wasu wurare akwai matakin da ba a wucewa sai da su. Sai a tambaya wanne ne kamfanin ke ƙidayawa kafin a kashe kuɗi da barci.

Maganar da ta fi nauyi ga matan Arewa ita ce ta canjin gari. Hedkwatar yawancin manyan bankuna da kamfanonin waya tana Legas, kuma akwai matsayin da da wuya a kai shi daga reshe. Wata rana za a ce ga ƙarin girma amma sai an koma Legas, ko Abuja, ko Fatakwal, a ba da mako biyu a yi shawara. Mako biyu ba ya isa a shawo kan maigida, a nemi makarantar yara, a san wanda zai kula da tsohuwa. Wannan magana tun shekarar farko ake fara ta a gida, a natse: in ta taso, za mu iya? A wace shekara, bayan wane yaro ya gama firamare? Idan amsar ita ce ba za a taɓa iyawa ba, wannan ma amsa ce mai daraja, sai mace ta zaɓi layin da ke da tsawo a inda take, kamar shugabancin shiyya, ta daina ɓata rai a kan wanda ba za ta bi ba. Muna kuma kira ga mazaje, wanda ya yarda matarsa ta karɓi irin wannan aiki, yana kuma ganin amfaninsa a cefane da kuɗin makaranta, ya zauna a yi wannan shiri da shi.

Kada wata ta ce wanda ya shigo daga waje ba ya kai ƙololuwa. Adaora Umeoji ta shiga bankin Zenith a 1998, ta hau tsaninsa daga ƙasa, ta zama shugabarsa a 2024, shekara 26 ke nan a gida ɗaya. Nneka Onyeali-Ikpe kuwa ta yi aiki a bankuna da dama kafin ta shiga Fidelity a 2015, ta zama shugabarsa a watan Janairu na 2021. Amma a lura, a matsayin darekta ta shiga. A'isha Ahmad ma ta ratsa bankuna, ciki har da Diamond, kafin a naɗa ta mataimakiyar gwamnan Babban Banki a 2018. Tun 2012, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki, bankuna suka amince da burin ba mata kashi 40 cikin 100 na manyan muƙamai da kashi 30 na kujerun hukumar daraktoci. Irin wannan manufa tana buɗe ƙofa, amma sai wadda ta riga ta iso bakin ƙofar ake iya shigarwa, kuma kamfanonin da ke ajiye ƙwararrun mata a ƙananan matakai su ne gobe za su ce sun nema ba su samu ba.

A kuma riƙa tunawa tsanin kansa yana iya motsi. Da Access ya haɗe da Diamond a 2019, an wayi gari mutum biyu suna riƙe da muƙami iri ɗaya. A 2024 Babban Banki ya sake ɗaga jarin da ake bukata, har naira miliyan dubu 500 ga bankunan da ke hulɗa da ƙasashen waje. A irin wannan lokaci littafin nan na ayyuka, da mutuncin da mace ta bari a wuraren da ta yi aiki a baya, su ne jarinta.

Yanzu ga amsarmu ga 'yar'uwa ta Kano. Kada ki ajiye aiki cikin fushi, kuma kada ki zauna jiran tsammani. Cikin wannan wata ki nemi ganin shugabanki, ko da ita yarinyar nan ce, ki ba ta girman kujerarta, ki tambaye ta abin da ya hana sunanki wucewa a shekarun nan da abin da ake so ki nuna. Ki je sashen kula da ma'aikata ki tambaya ko albashinki ya kai iyakar matakinki, da kuma ko an yarda mutum ya nemi gurbi a wani sashe na kamfanin, gama sau da yawa hawa ta gefe ya fi sauri. Ki ba su zagaye ɗaya na awon aiki, watau shekara guda, kina cika abin da aka rubuta. In lokacin ya zo aka sake ce miki ki ƙara haƙuri ba tare da wani dalili da za a iya rubutawa ba, to ki fara aika takardunki waje tun kina kan aiki, da shekara 16 na ƙwarewa a hannunki, kuma ki gaya wa duk mai son ɗaukarki matakin da za ki karɓa tun a zaman farko. Muna roƙo ki sake rubuto mana bayan awon aikin, mu ji yadda kuka ƙare.